Na Ce Wata Uku

Masu karatu, ku matso kusa, don abin da zan ba ku yau ko aminiyata ban iya gaya wa ido da ido ba. Ni ce dai Jumai, 'yar marigayi Malam Yakubu, wadda aka sa wa rana da Kashim bayan babbar Sallah. An kawo lefe, akwatuna suna jere a ɗakin Innata a Azare, an lulluɓe su da zanen gado saboda 'yan kallo. Kowa cewa yake na yi goshi. Ni kuwa ina zaune da ciwo a marata wanda ban gaya wa kowa ba.

Tun kafin azumi abin ya fara. Al'adata ta koma kamar an ɓalle famfo, ga nauyi a mara, siket ɗin da tela ya ɗinka mini cif-cif ya ƙi zugewa. Da na saci jiki na je asibiti, likitar ta danna cikina nan da can, ta ce in je in yi hoton ciki in kawo mata.

Hmm, hoton ciki. Wanda bai san Azare ba zai ce mene ne a ciki. A garin nan idan aka ga budurwa a bencin masu hoto, kafin ta kai gida an raɗa wa jaririn suna. Ga shi wurin a bakin titi yake, daf da masu kayan miya, inda rabin matan unguwarmu ke bi su wuce.

Za ku ce me ya hana ni gaya wa Inna. Ni ce 'yar farinta, kuma Inna kunyar Fulani gare ta ta gasken gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ta yaya zan zauna a gabanta in fara zancen mara da jini? Shi kuma Kashim, ina zan kai fuskata?

Da safen ranar saƙonsa ya shigo wayata.

"Jumaina, na kama hanyar kasuwar Dambam, akwai riɗin da zan duba. Me zan taho miki da shi?"

"Kanka kawai," na rubuta masa.

"Wannan ai naki ne tuntuni. Amma jikinki lafiya? Jiya na ji muryarki wani iri."

"Lafiya lau nake."

Wallahi da a nan na ce masa ba ni da lafiya, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma da-na-sani ƙeya ce.

Inna na fita gidan suna sai wata dabara ta zo mini, irin wadda take yi wa mutum kyau sai bayan ta kashe shi ya gane. Na ce tunda budurwa ce abin kallo a wurin, to bari in je a matar aure. Na ɗaga zanen gadon, na buɗe akwatin tsakiya, na zaro wata lafaya ruwan ƙasa mai zaren gwal a baki. Ina warware ta ƙamshin humra ya cika ɗakin. Ba wanda ya taɓa ganina da ita, kuma 'yan matan unguwarmu ba sa naɗa lafaya. Na yi ta kokawa da ita a gaban madubi har ta zauna yadda ta ga dama, na ɗora niƙabina na Islamiyya, na zura zobe biyu. Da na dubi kaina har dariya na yi, na ce sannu Hajiya.

A wurin hoton, yarinyar da ke kan tebur ta rubuta sunana, ta miƙo mini ruwan leda.

"Na mara ne, ko? Ki sha sosai, ki ƙara. Kada ki yi fitsari. Sai mararki ta cika tam za a kira ki, in ba haka ba ba za a ga komai ba."

Benci cike yake da mata. Masu manyan ciki suna fifita da gefen mayafi, masu ƙanana irina kowa da ledar ruwa a baki, wasu har sun fara karkaɗa ƙafa. Na samu wuri a ƙarshen benci kusa da wata dattijuwa doguwa, baƙa mai kyau, da tsage a kumatu. Ita ba ruwa aka ba ta ba, ci aka hana ta tun asuba, wai gefen cikinta za a duba, ƙarƙashin haƙarƙari.

"Ku kuna sha har kuna kuka, mu ko kurɓa an hana mu," ta ce da ni tana dariya. "Sannu 'yata. Wannan lafaya ta yi miki kyau. Ina aka samo ta?"

"Maigidana ne ya sayo mini," na ce, ina ɗaga niƙabi ta ƙasa ina tsotsar ruwa.

"A nan Azare?"

"Daga Maiduguri."

"Ai na gani. Har ƙamshin ma na gida ne." Ta ɗan karkato tana shaƙa. "Awon ciki kika zo?"

"Eh."

"Wata nawa?"

Masu karatu, wallahi ban shirya wannan amsar ba. Matar da ke gaba da mu ta juyo tana jira ita ma, kuma na riga na ce awo na zo. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Uku."

"Masha Allah! Na fari ne?"

Na gyaɗa kai.

Ta yi mini addu'a mai tsawo, Allah Ya raba lafiya, Ya ba ni masu jin ƙaina. Sannan ta ce, "Amma ba haka ake naɗa ta ba, za ta zame miki a titi. Kawo in gyara miki." Ta kama gefen kafaɗata ta warware ƙullin, ta jawo bakin lafayar don ta sake ɗaurawa. Sai na ji hannunta ya tsaya. Ta juya bakin, tana bin ɗinkin da babban yatsa, a hankali, kamar mai karanta rubutu.

Daidai nan yarinyar tebur ta ɗaga murya. "Jumai Yakubu!"

Na miƙe. Hannun matar ya saki lafayar ya faɗi kan cinyarta. Ni kuwa fitsari ya matse ni, ko waiwaye ban yi ba.

Mai ɗaukar hoton wata mata ce 'yar Bogoro, Phoebe, gajera mai fara'a da ƙaramin gicciye a wuya. Ɗakin da ɗan duhu, ga sanyi, ga na'ura mai allo kamar talabijin a gefen gado.

"Kwanta, ƙanwata. Kafin mu fara, kina da aure? Don akwai irin hoton da nake yi wa matan aure, akwai na 'yan mata."

Ta dubi lafayar, ta dubi zobban, ta dubi idona.

"Ba ni da shi," na ce. "An dai sa rana."

"To cire wannan abin ki sha iska. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin ɗauka ke ce ta farko da ta zo mini da kayan aro?"

Ta matsa mini wani abu mai yauƙi da sanyi a mara har na zabura, ta ɗora kan na'urar tana zagayawa, tana dannawa. A allon ni ban ga komai ba sai baƙi da toka suna motsi. Ita kuwa ta daina wasa, tana tsayar da hoton tana aunawa.

"Kin ga wannan baƙin? Ruwan da kika sha ne. Wannan ta bayansa mahaifarki ce. Wannan dunƙulen kuma ƙari ne, ya kai ƙwallon goruba. Shi ke jawo miki jinin da nauyin."

"Zai kashe ni?"

"Haba! Mata da yawa suna da shi. Likita za ta gaya miki ko magani ne ko aiki."

"Zan haihu?"

Ta goge mini ciki da takarda mai laushi kafin ta amsa. "Na ga masu shi sun haihu, na ga waɗanda ya ba wahala. Ba zan yi miki ƙarya ba, wannan amsar ba a wurina take ba. Je ki yi fitsari kafin ki jiƙa mini gado."

Da na fito, ƙarshen bencin ba kowa. Dattijuwar ta tafi ba ta jira layinta ba. Ban kawo komai a raina ba, don ƙarin nan ya cika mini kai. Na koma gida na ninke lafaya na mayar akwati, na cusa hoton a ƙarƙashin katifa, na yi kuka na wanke fuska kafin Inna ta dawo.

Da la'asar na rubuta wa Kashim, "Ka dawo lafiya?" Ya buɗe saƙon, bai amsa ba. Na sake, "Ina tsarabata?" Ya buɗe. Na kira, ta yi ta ringi har ta katse. Mutumin da ko cikin ciniki yake sai ya ɗauka ya ce "ina zuwa, Jumaina". Washegari ma haka, jibi ma haka. Na tura saƙon murya ina tambaya ko laifi na yi, ya saurara, shiru.

Ana cikin haka Baffa Abdurrahim ya kira Inna daga Katagum. Ƙanin mahaifina ne, shi ne waliyyina, a wurinsa mutanen Kashim suka nemi aurena. Magana ɗaya ya yi, ta taho da ni gobe.

A mota Inna carbi kawai take ja. Mun samu Baffa a zaure, ya dawo daga bakin kogi, ƙafafunsa da laka, ƙaurin kifin banda yana tasowa daga cikin gida. Kullum in na zo sai ya tsokane ni da "amaryar Barebari, an fara koyon yaren?" Ranar ko gaisuwata da ƙyar ya amsa.

"Jumai, kin san Ya Gana?"

"Yayar Kashim ce, Baffa. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ban dai taɓa ganinta ba."

Gaskiya na faɗa. Ranar da suka kawo lefe gidan maƙwabta na gudu, kamar yadda kowace amarya ke yi, kuma mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta hoto.

"Kin gan ta," Baffa ya ce. "Har lafaya ta gyara miki. Ita ta sayo ta, ita ta kalmashe bakin da hannunta, ita ta turara ta."

Na sunkuyar da kai.

"Da wani ne ya yi miki ƙazafi, wallahi da har gaban alƙali sai na kai shi. Amma mutanen Kashim sun ce da bakinki kika faɗa. Wata uku. Ƙarya suka yi miki?"

"Ba su yi ba, Baffa. Ni ce na yi ƙaryar."

Nan na kwashe komai na faɗa, ina kuka ina haɗiye majina, tun daga siket har zuwa ƙarin. Na fito da hoton daga jaka na ajiye a kan tabarma. Baffa ya juya shi sama da ƙasa, bai gane komai ba, ya ajiye.

"Kin guje wa bakin mutane kin yanka kanki da naki," ya ce, muryarsa ta sauko. "Magana zarar bunu ce, 'yata."

Inna ce ta karya mini zuciya. Ba ta daka mini tsawa ba, ba ta zage ni ba. Ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta saba ba.

"Tun kafin azumi kina zubar da jini a ɗakina, ina kwance kusa da ke? Jumai, ni ce fa na haife ki."

Ranar na fara jin sunana a bakinta. Na daɗe ina marmarin in ji, amma ba a irin wannan rana ba.

Baffa ya kira mutanen Kashim a gabanmu ya yi musu bayani. Amsar da ta dawo ita ce, takarda kowa zai iya samowa. Ya Gana ta ce kunnenta ne ya ji, don haka sai idonta ya gani. A sake hoton, tana tsaye.

"Ba za a buɗe cikin yarinyar nan a gaban surukai ba," Inna ta ce. "Su zo su kwashe akwatunansu."

"In kuka ƙi, sun ce gaskiya ke nan," Baffa ya ce. "In kuka yarda kuma, za su ga abin da ke ciki. Jumai, ke za ki zaɓa."

Ku fahimce ni, masu karatu. Kashim shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, kuma tun ana neman aure ake isar mini da cewa Ya Gana ta ƙagu ta goya 'ya'yansa. A waya Baffa cewa kawai ya yi ina da larura, bai faɗi irinta ba. Na san hoton da zai wanke ni shi zai tona ni. Amma ina son Kashim, kuma ba zan iya rayuwa yana yi mini kallon mazinaciya ba. Na ce na yarda.

Muka koma Azare. Ranar da aka tsayar don sake hoton na je da atamfata da hijabina, fuska a buɗe, na zauna a bencin nan tsakanin Inna da Ya Gana ina shan ruwan leda. Duk wadda ta wuce ta gan ni, har da mai kitson layinmu. Abin da na guda tun farko ya same ni, kuma ban mutu ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Phoebe ta tare ƙofa da hannu. "Wadda za a yi wa hoton kaɗai ke shiga."

"Tare muke," Ya Gana ta ce.

"Hajiya, cikinta ne, ba na gayya ba." Ta dube ni. "Ƙanwata, kin yarda? In kin ce a'a, ba mai shiga, ko waye."

"Na yarda, Anti."

Inna ta ƙi shiga, ta ce tana nan a waje. Na kwanta, na ɗaga riga a gaban matar da ban taɓa gaisarwa a matsayin suruka ba. Sanyin abin ya sake taɓa ni. Na kafe silin da ido.

Ya Gana ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa allon. "Ina yaron?"

"Babu yaro, Hajiya. Ga mahaifar nan, ki duba, wayam take. Da akwai cikin wata uku da kin ga kai, kin ga zuciya tana bugawa. Babu, kuma ba alamar an taɓa wani abu."

Ya Gana ta ja dogon numfashi. Ta kama ƙafata da hannu biyu, sai na ji ɗumin hawaye a kan yatsuna.

"Ki yafe mini, 'yata. Amma me ya sa kika faɗa? Har addu'a na yi miki."

"Kunya ce, Ya Gana."

Ta girgiza kai tana share ido da gefen mayafi. Har ta miƙe, sai idonta ya koma kan allon. Ta nuna da yatsa.

"To wannan dunƙulen fa?"

Phoebe ta juyo. Ni ta duba, tana jira.

"Gaya mata," na ce.

Ta gaya mata, a hankali, ba ragi ba ƙari. Ta ce ana magani, ana aiki, mata da yawa suna samun lafiya. Ya Gana ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambayar da na san za ta yi.

"Za ta haihu?"

"Wannan sai likita, Hajiya. Likitar ma sai Allah."

Ya Gana ta gyaɗa kai. Ta taya ni sauke riga, har da gyara mini hijabi, amma hannun nata ya yi sanyi.

A waje Kashim yana tsaye jikin bishiyar darbejiya, cikin shadda ruwan toka, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ban san ya zo ba. Ganinsa kawai ya sa na ji zan iya yafe masa shirun nan duka. Ya dubi yayarsa. Ta girgiza masa kai, alamar babu. Sai ya ɗaga hannu sama yana hamdala, ya taho da sauri, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

"Jumaina! Alhamdulillah. Wallahi sai yanzu hankalina ya kwanta."

Na ce ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji, "Da can bai kwanta ba?"

"Ki gane, ke kika faɗa da bakinki."

"Na faɗa. Amma ka tambaye ni? Ko sau ɗaya ka ɗauki waya ka ce, Jumai, gaskiya ne?"

Kafin ya samo abin cewa Ya Gana ta kira shi gefe, suka koma Barbarci. Ba na jin yaren, amma ina da ido. Na ga ta dunƙule hannu ta ɗora a kan mararta. Na ga murmushinsa yana gushewa kaɗan-kaɗan, har ya cire hula ya riƙe.

Inna, wadda a da ko inuwar Kashim ta hango sai ta shige ɗaki, ta ja mayafi ta matsa kusa da su. Da Ya Gana ta yi magana.

"Hajiya, kin gani da idonki. Baffanta yana jiran waya. In ce masa ranar tana nan?"

Ya Gana ta juya ga ƙaninta. Muka tsaya mu uku muna jiransa a bakin titi, keke napep suna wucewa, masu kayan miya sun bar ciniki suna kallo. Na yi ta roƙon Allah a zuciyata ya ɗago ya dube ni, ko da sau ɗaya, don na san in idonmu ya haɗu ba zai iya juya mini baya ba.

Ya ɗago. Amma ba fuskata ya kalla ba, cikina ya kalla.

"Inna," ya ce, "a ɗan ba mu lokaci."